Wat huɗu a zangon mita 40: rediyon Mos da na haɗa da hannu a Italiya

Masu rediyon sha'awa a Italiya suna kiran wannan aiki autocostruzione, wato mutum ya ƙera na'urarsa da kansa maimakon ya saya. A wurinsu gado ne. A Pontecchio kusa da Bolonya Marconi ya fara gwaje-gwajensa a 1895, ƙungiyarsu ta ARI tana nan tun 1927, kuma har yau za ka ga tsofaffin kayan kamfanin rediyo na Geloso na Milan a kan tebura a kasuwar tsofaffin rediyo ta Marzaglia da ke Modena, wadda ke ci sau biyu a shekara. A can na tsinci rabin kayan da na yi wannan aiki da su. Abin da na haɗa ƙaramin rediyo ne mai karɓa da aika Mos, wato saƙo da gajeru da dogayen fito, a kan 7.030 MHz a zangon mita 40, inda masu ƙaramin ƙarfi ke haɗuwa. Sauraro ba ya bukatar takarda. Aikawa kuwa sai ka ci jarrabawar ma'aikata, ka karɓi lasisi da lambar kira. An cire gwajin Mos daga jarrabawar tun 2005, kuma doka ta yarda da har wat 500, amma ni wat biyar na nufa, huɗu na samu.

Ban yi amfani da allo mai zane ba. Na ɗauki allon jan ƙarfe mai faɗin santimita 10 da 16, na bar fuskarsa gaba ɗaya ta zama ƙasan da'ira, sannan na yanka 'yan gutsattsari masu faɗin milimita 5 daga wani allon na manna su da sufagulu a duk inda ƙafafun kaya za su haɗu. Amfaninsa shi ne duk ƙafar da za ta je ƙasa a nan take ake liƙe ta, ba ta yin doguwar tafiya. Sai dai ƙarfen narka dalma na wat 25 ba ya iya dumama faffaɗan jan ƙarfe, dalmar takan dunƙule kamar ƙwallo ba ta kama ba. Da na koma na wat 60 mai faffaɗan baki matsalar ta ƙare.

Na fara da abin da ke samar da zangon. Masu haɗa rediyo a shekarun 1950 da 1960 sukan sayi wannan sashe a shirye daga Geloso. Yau guntun Si5351 mai samar da siginar da Arduino Nano, 'yar ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa shi, ke yin aikin, kuma shi ma Arduino ɗan Italiya ne, a Ivrea aka haife shi a 2005. Wayoyi biyu ke haɗa su, A4 da A5 na Nano, adireshin Si5351 kuma 0x60. Na ware mafitar CLK0 don karɓa, CLK1 don aikawa. Kada ka yarda da lambar da fuskar na'urar ke nuna maka kafin ka daidaita ta, domin kiristal ɗin 25 MHz da ke jikin guntun ba ya zama daidai cif. Na saita Si5351 a kan 9.996 MHz, na ajiye shi kusa da rediyon gajeren zango, na kamo tashar lokaci ta Rasha, RWM, wadda ke sakin sigina tsura a mintuna takwas na farkon kowane rabin sa'a, na riƙa gyara lambar kiristal a cikin manhajar har fiton da ke tsakaninsu ya mutu. Nawa ya kauce da kusan haz 400 a zangon mita 40. A Mos wannan ya isa mutum ya kira ka ku saɓa.

Mai karɓar mai sauƙi ne: guntun SA612 yana gauraya siginar eriya da ta CLK0, abin da ya fito sauti ne kai tsaye, LM386 ya ƙara masa ƙarfi zuwa kunne. SA612 ba ya son fiye da bolt 8, don haka na ba shi 6 ta hanyar 78L06 a ƙafa ta 8. Ƙafa ta 6 kuma, inda CLK0 ke shiga, milibolt 200 zuwa 300 kawai take so, alhali Si5351 na fitar da bolt 3.3. Resista 1k a jere da om 100 zuwa ƙasa sun rage shi, kafasita 10 nF ta kai shi ciki. Tsakanin ƙafa ta 4 da ta 5 na sa 47 nF don yanke sautin da ya haura haz 1,100, tunda Mos a haz 700 ake jin daɗinsa. CLK0 kuwa na sa ya zauna haz 700 ƙasa da zangon aikawa. In ka bar su daidai wa daida, mai amsa maka zai faɗo a inda babu sauti, ka yi ta zaton ba a ji ka ba.

LM386 ya yi mini abin da yake yi wa kowa. Da na sa 10 µF tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8 don ƙarin sauti ya tashi daga ninki 20 zuwa 200, sai ya kama tut-tut-tut kamar tsohon babur. Sautin ne ke komawa baya ta wayar wuta. Resista om 10 a kan hanyar wutarsa, 470 µF dab da ƙafa ta 6, da kuma om 10 a jere da 47 nF daga ƙafa ta 5 zuwa ƙasa, shi ke nan ya nutsu.

Da rana komai lafiya lau. Ina jin tashoshi masu lambar kira I2 na Lombardiya, I4 na nan Emiliya-Romanya, wani lokaci IT9 daga Sisili. Da magariba ta yi sai rediyon ya cika da wa'azi da kiɗa da labarai cikin harsuna uku a lokaci ɗaya, kuma ko ina na murɗa suna nan. Duk wanda ya taso yana laluben sashen Hausa a gajeren zango ya san mita 41. To, zangon nan yana farawa ne daga 7.200 MHz, daidai inda namu ya ƙare, tashoshinsa kuma da ɗaruruwan kilowat suke magana. A Turai da dare suna shigowa da ƙarfin da SA612 ba zai iya ɗauka ba, sai ya riƙa fassara su kai tsaye ba tare da la'akari da CLK0 ba. Alamar da za ka gane wannan cuta ita ce murɗa zango ba ya canza komai.

A nan aikin ya fi cin lokaci. Na naɗa kwayil biyu a kan zobba T50-2, masu jan fenti, kowanne zagaye 20 na waya mai rufin enamel, kauri milimita 0.5, wanda ya ba ni kusan 2 µH. Kowanne na haɗa shi da 220 pF da ƙaramar kafasita mai juyawa ta 60 pF, na haɗa kawunan biyun da 5.6 pF. Eriya tana shiga ta zagaye 2 da na ɗora a kan zoben farko, SA612 yana ɗauka ta zagaye 10 a kan na biyu. Da fari 22 pF na sa a tsakaninsu don ita ce a hannu, sai matatar ta buɗe baki ta yi ƙusumbi biyu, ɗaya a cikinsu ya faɗa kusa da tashoshin da nake gudu. Kafasitar tsakiya ita ke yanke faɗin ƙofar. Gaskiyar magana kuma, ko da 5.6 pF ɗin ba za ka kori tashar da ke nesa da kai da kilohaz 200 kacal gaba ɗaya ba. Abin da ya ƙarasa aikin resista mai juyawa ce ta 1k a bakin eriya. In ka rage shigowar sigina kaɗan, Mos ɗin zai ragu kaɗan, amma kutsen tashoshin zai faɗi ninkin haka, domin shi ƙaruwarsa ba a miƙe take ba. Ra'ayina, wannan 'yar resista ta fi duk wani ƙarin sauti amfani a mita 40.

Zagaye a zobe ana ƙirga shi ne duk lokacin da waya ta ratsa tsakiyar ramin, ba a gefe ba, kuma a baza shi ya ci kashi uku cikin huɗu na zoben. Sau biyu ina neman laifi a wani wuri alhali bakin wayar ne ban kankare da kyau ba: dalma ta lulluɓe shi ya yi kyau a ido, enamel na nan a ciki. Yanzu sai na ƙona santimita ɗaya a cikin narkakkiyar dalma, na goge, na auna da maltimita daga gutsure zuwa gutsure kafin na wuce.

Akwai kuma ƙarar da rediyon ke jawo wa kansa. Fuskar OLED da Nano suna sa wani tik-tik duk sanda lamba ta canza. Na ba su 7805 nasu daban, na gajarta wayoyin A4 da A5, na gitta ɗan bangon allon jan ƙarfe tsakaninsu da SA612. Gunjin haz 50 na wutar gida kuwa bai tafi ba sai da na ajiye cajar bango na koma batir na bolt 12 mai 7 Ah.

Sashen aikawa bai kai haka yawan kaya ba, amma shi ne mai ƙona kuɗi. CLK1 yana shiga 74ACT00 da ke kan bolt 5, shi kuma ya tura taransista BS170 guda uku da aka haɗa kafaɗa da kafaɗa. ACT ake so, ba HC ba, domin shi ne ke karɓar bolt 3.3 a matsayin cikakken umarni. Ukun farko ni na kashe su: na jera ƙafafunsu yadda na saba da 2N7000, alhali na BS170 a juye suke. Kamanninsu ɗaya, aikinsu kusan ɗaya, ƙafar farko da ta ƙarshe sun yi musaya. Wasu goma masu araha da na saya daga wani mai sayarwa a intanet ba su taɓa haura wat biyu ba, suna zafi kamar garwashi. Da na canza su da na shagon kayan lantarki, ba tare da na taɓa komai ba, ƙarfin ya tashi.

Kwayil ɗin da ke kai musu wuta ma yana da tasiri. Da zagaye 10 a kan FT37-43 ban kai wat biyu ba. Da na koma zagaye 16 a kan T37-2, wato 1 µH, da 56 pF zuwa ƙasa, na samu kusan wat huɗu a bolt 13.8, yana jan kamar miliamfa 400. A irin wannan tsari ƙarfin wutar da ke kan taransista yakan ninka na batir sau uku da rabi, kusan bolt 48, BS170 kuma iyakarsa 60. Tazarar ba ta da yawa. Danna madannin Mos ba tare da eriya ba, ko da eriyar da ba ta daidaita ba, na iya kashe su cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa duk gwaji a kan eriyar bogi na yi shi: resista 1k mai wat 2 guda 20 a haɗe gefe da gefe, om 50 ke nan. Auna ƙarfi kuma ba sai da tsadadden kaya ba. Dayod 1N4148 da 10 nF a kan eriyar bogin, ka karanta bolt a maltimita, ka ƙara 0.7, ka ninka lambar da kanta, ka raba da 100. Na karanta 19.2, lissafi ya ba da wat 3.96.

Abin da ke fitowa daga BS170 ba tsaftatacce ba ne. Yana tafe da 'ya'yansa, wato ninki biyu da ninki uku na zangon, a 14.060 da 21.090 MHz, dukansu a cikin zangunan wasu masu sha'awar, kuma eriyar mita 40 tana watsa na 21 da kyau ƙwarai domin tsawonta ya dace da shi. Matatar da ke tare su tana da kwayil uku a kan T37-6, masu rawayan fenti, zagaye 21, 24, 21, da kafasita huɗu zuwa ƙasa: 270, 680, 680, 270 pF. Kafasitocin su zama C0G ko mika, masu jure bolt 100. Na gwada wasu 'yan ƙanana na X7R, suka yi ɗumi a yatsa suka cinye mini fiye da rabin wat. Da na duba matatar da na'urar awo ta NanoVNA na tarar ta fara yankewa tun kafin 7 MHz, saboda na matse zagayen. Baza su kaɗan ya tura bakin zuwa sama. A reshen ARI na kusa da ni aka auna mini da na'urar duba sigina ta tinySA ta bayan abin rage ƙarfi, 'ya'yan biyu duk sun sauka fiye da 50 dB ƙasa da uwar. Kafin wannan awo ban haɗa shi da eriya ba.

Saura ƙas-ƙas na madanni. In wuta ta shiga ta fita farat ɗaya, maƙwabtanka a zango za su riƙa jin ƙwanƙwasa a kilohaz da dama hagu da dama. Na sa taransista BD140 ya riƙa buɗe wa BS170 wuta, da resista da kafasita a jikinsa da ke sa tashi da saukar su ɗauki kamar milisakan 5. Sauya eriya daga karɓa zuwa aikawa da makunnin hannu nake yi, da 1N4148 biyu kai da ƙafa a bakin mai karɓa don kariya. A manhaja kuma dole CLK1 ya mutu lokacin sauraro, in ba haka ba fiton kanka kawai za ka ji.

Eriyar waya ce mai hannu biyu. Don samun tsawonta an raba 143 da 7.03, ya ba da mita 20.3, kowane hannu 10.15. Na yanke 10.5 na riƙa naɗe bakin baya santimita biyar-biyar maimakon yankewa, har awon daidaiton eriya, wato SWR, ya sauka ƙasa da 1.5. A tsakiya na zagaya kebul RG58 sau 12 a zoben FT240-43, wanda ya rage ragowar gunjin da mai karɓar ke kwasowa ta jikin kebul. Tsayinta mita 8 ne kawai, ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na zangon, saboda haka yawancin siginar sama take tafiya ta dawo kusa. Da na aika kira na duba Reverse Beacon Network, shafin intanet da ke nuna na'urorin sauraron da suka ji kiranka, na'urorin Jamus da Ostiriya da Sulobeniya ne suka ji ni, babu ko ɗaya daga tsallaken Atilantika. Tashar 5N ta Najeriya ko 5U ta Nijar kuwa, da wannan tsayi da wat huɗu ban sa rai ba tukuna. Sandar mita 12 nake nema, kuma SA612 ɗin zan cire shi in sa zoben dayod huɗu a madadinsa, wanda ya fi jure tashoshin mita 41, ko da yake zai bukaci ƙarin taransista ɗaya kafin LM386 don rama sautin da zai ci.