Talata, saura kwana goma sha ɗaya

Yau ma ban yi wani aikin kirki a ofis ba, hankalina yana Osaka, wani birni a Japan. Kamfaninmu na fitar da riɗi zai tura ni can wata uku, in zauna da masu sayen kayanmu, in ga yadda suke gwada shi, saboda ba sa wasa da ragowar maganin ƙwari. Kusan duk riɗin da Japan ke ci daga waje take sayowa, namu na Jigawa da Binuwai yana ciki.

Da hantsi na je wurin wani dattijo da ya daɗe yana hulɗa da su. Muna gama gaisawa ya ce, "To, miƙo mini katinka na kasuwanci." Na zaro daga aljihun wando na ba shi da hannun dama. Ya girgiza kai. "Ɗana, da a can ne, da ka riga ka yi ɓarna." Ya tashi tsaye ya nuna mini: hannu biyu, rubutun yana kallon mai karɓa, a ɗan rusuna. Nasu kuwa in an ba ka, ka tsaya ka karanta, ka ajiye shi a kan tebur har a tashi. Ba a rubutu a kai, ba a cusa shi a aljihun baya a zauna masa. Sau shida ya sa na maimaita, kafin ya ce, "Yanzu ka fara."

Rusunawa da cire takalmi a bakin ƙofa ba su dame ni ba, da su muka tashi. Inda na kasa kunne sosai shi ne maganar "a'a". Ya ce ɗan Japan ba ya son ya kunyata ka a gaban jama'a. In ya ja numfashi ya ce abin da ɗan wuya, ko za su duba, to ka naɗe tabarmarka. Nan take na tuna kawuna ranar da aka zo neman auren 'yarsa, ya ce "za mu yi shawara", kowa a zauren ya san an gama. Kara ce irin tamu. Kuma ba a yanke magana a wurin taro. Tun kafin ranar ake bin mutum ɗaya-ɗaya a shawo kansa. Suna kiran wannan nemawashi, daga aikin lambu, wato gyara saiwar itace kafin a dasa shi wani wuri. Wallahi sai na ji tsoron ya ragu, don wannan hanyar na san ta.

Lokaci ne zan yi yaƙi da kaina a kai. Ƙarfe tara a wurinsu tara saura minti goma ce.

Na tambaye shi batun liyafar bayan aiki, inda ake shan giya. Ya ce in je, kada in ƙi, in faɗa tun farko cewa ba na sha, in ɗaga kofin shayi tare da su. Abinci kuma in riƙa tambaya, don naman alade da mirin, wata giyar shinkafa ta girki, suna shiga miya ba a gani. Juma'a ɗaya ina so in yi ta a masallacin Kobe, wanda aka gina tun 1935, ba shi da nisa a jirgin ƙasa.

Da la'asar na biya Ƙofar Mata na sayi rinannun yaduka na tsaraba. Biyar na ɗauka, don kalmar huɗu a harshensu tana kama da ta mutuwa. Su ma suna da rinin baba na gargajiya, ina ganin za mu sami abin hira.

Na dawo gida na tarar Hajiya ta aiko da kilishi, ƙunshi uku, an naɗe da takarda an ɗaure tamau. Na kira ta na ce, "Hajiya, ba sa barin a shiga musu da nama ko kaɗan, a filin jirgi za a ƙwace, har tara ake ci." Ta yi shiru, sannan ta ce, "To me za ka ci a can?" Na ce shinkafa da kifi suna nan. Ta ce gobe za ta sa a daka mini yaji.