Mako na shida a kan ɗan jirgin Wölfchen

'Yan'uwa masu koyo, yau dai na ɗora jirgin a kan ƙafafunsa, bayan kwana tara ina fama da su.

Ga waɗanda ba su ga farkon aikin ba, samfurin Friedrichshafen FF.33E nake haɗawa, jirgin saman leƙen asiri na sojan ruwan Jamus mai sauka a kan ruwa, mai ɗaukar mutum biyu da injin Benz mai ƙarfin doki 150. Na zaɓi wanda aka yi wa laƙabi da Wölfchen, wato ɗan kyarkeci, wanda jirgin ruwan yaƙi Wolf ya goya daga Nuwamba 1916 zuwa Fabrairu 1918. A Yuni 1917 ma shi ya jefa wa jirgin kaya Wairuna takardar umarni a kusa da tsibirin Raoul da ke tekun Pasifik, ya sa jirgin kayan ya miƙa wuya. A ma'aunin kashi ɗaya cikin 48, faɗin fukafukansa ya kai kusan santimita 35.

Ƙafafun nan, wato kwale-kwale biyun da yake tsayawa a kansu a ruwa, su suka wahalar da ni. Da totuwar kara na fara, irin wadda muke motar kara da ita muna yara. Ba ta da nauyi, amma samfefa na taɓa ta sai ta rugurguje. Na koma katako mai laushi, na sassaƙa biyun a manne da juna, sannan na raba su da reza don kada ɗaya ya fi ɗaya.

Ku lura da ƙasan kwale-kwalen: akwai gaɓa kamar matakala. Da farko na goge ta, ina zaton kuskuren zane ne. Ashe ita ce ke shigar da iska ƙarƙashi, ta raba jirgin da ruwa idan ya ɗauki gudu. In babu ita, ruwa riƙe shi yake yi. Dole na sake sassaƙa sababbi, kuma ban yi da-na-sani ba, don duk dabarar waɗanda suka ƙera jirgin a garin Friedrichshafen na Jamus, a bakin tafkin Bodensee, a nan take.

Sandunan tsakanin fukafukai, tsinken tsire ya wadatar, in an kankare shi sosai. Saura ɗaurin wayoyi da zaren kamun kifi. Fenti kuwa sai hazo ya lafa, don jiya ƙura ta manne wa gwajin da na shanya a taga.