Ɗangon da Aka Ƙarasa Masa

Yau a zaman karatun adabi, wani dattijo ya tashi da tsohon littafin rubutu a hannunsa, ya fara karanta waƙar da ya rubuta wa marigayiyar matarsa. Da ya iso baiti na huɗu muryarsa ta sarƙe, ya yi shiru, sai wata yarinya ta ƙarasa masa ɗangon, domin amsa-amon ya riga ya nuna mata kalmar da za ta biyo. Ya ɗago kai ya ce, "Haka ne, 'yata," sannan ya ci gaba.

Ni kuwa gajeren labarina yana cikin aljihu, ban karanta ba. Na daɗe ina cewa bai gama gyaruwa ba, alhali tsoro nake ji.