Ranar da na tsayar da Gizo a kan ɓaure

Shekara tara ke nan ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare a cikin garin Gombe, kuma rigimar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya ita ce ta benci. Yara sun fi kujeru yawa. Kullum da safe sai ka ji, "Ni na riga ka zuwa!" Kafin ka juya an kama kokawa. Da can bulala nake ɗauka. Aji ya yi tsit, amma ana tashi sai su ƙarasa faɗan a bayan katanga. Mu da muka ga yadda 'yan Kalare, wato 'yan dabar Gombe, suka addabi unguwanninmu, ƙaramar gaba tsakanin yara ba abin wasa ba ce a wurinmu.

Wata Alhamis yara biyu suka yi dambe har maɓallin rigar ɗaya ya tsinke. Na ajiye alli na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Suka yi turus. Wata yarinya ta ce, "Malama, ai ba a tatsuniya da rana sai an ɗaure Gizo." Na ce ta ɗaure mana shi. Sai aji ya amsa, "Ta zo mu ji ta!"

Na ba su ta Gizo da hankaki, yadda kowane hankaka ya ara masa gashi guda har ya iya tashi zuwa ɓauren da ke tsakiyar ruwa, da yadda duk ɗan ɓauren da wani ya nufa sai Gizo ya ce nasa ne, shi ya fara gani. A daidai nan na tsaya, ban kai inda suka ƙwace gashinsu suka bar shi ba. Na ce, "Yau ku ne hankaki. Me za ku yi?"

Da yawa suka ce a jefa shi ruwa. Wani ya ce a raba ɓauren reshe-reshe. Sai yaron da ya tsinke wa ɗan'uwansa maɓalli ya ce, kansa a sunkuye, "Malama, ƙila Gizo bai karya ba ya fito." Gabana ya faɗi. Ban san haka yake zuwa makaranta ba sai ranar. Abin da yaro ba zai faɗa a kan kansa ba ko za a yanka shi, yakan faɗa ta bakin Gizo.

Tun daga nan na ware minti 20 duk Alhamis. Nakan yanke labari a tsakiya, waɗanda suka yi faɗa a makon su ɗauki matsayin juna, sauran su zama dattawan sulhu. Wahala guda ita ce yara na son Gizo saboda wayonsa, dole in riƙa tambaya, "To Ƙoƙi fa, yaya ta ji?" Wani makon kuma abin ba ya ci sam, su yi ta dariya a tashi.

Yanzu su ke kawo labaran. Akwai na Fulatanci, akwai na Terawa. Wata 'yar Tangale ta yi alkawarin karɓo mana ɗaya wurin kakarta a Billiri idan an je hutun Kirsimeti, har yaron nan mai zancen karin kumallo ya ce shi zai zama hankaka.