Awon gona ba zagaye ba ne

"Malam, don ka zagaya gonata da wannan 'yar na'ura kake neman kuɗin buhun taki?" Tambayar da na fi sha ke nan tun da na buɗe ɗan ofishina na awon gona a Daura. Tafiyar ƙafa suke gani, ba sa ganin daren da nake rabawa gaban kwamfuta.

Shinkafa 'yar ruwa ce, mu kuwa yawancin ƙasarmu jigawa ce, tana zubar da ruwa kamar rariya, daminar ma da ƙyar take cika wata huɗu. Don haka kafin manomi ya zuba iri a fadama ko a gefen madatsar Sabke, nakan fitar masa da taswirar inda laka take, inda ruwa zai kwanta da inda zai zurare. Ina ɗauko hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2, wanda ke dawowa kan wuri ɗaya duk kwana 5, in jera na damina da na rani. Inda danshi ya daɗe bayan ɗaukewar ruwa, can nake takawa in haƙa, in jiƙa ƙasar in dunƙula ta a tafin hannu. In ta mulmulu kamar tuwo, madalla. In ta wargaje, sai in ce, "Alhaji, nan gero ko gyaɗa."

Dunƙulawar nan wurin maigidana na koye ta, wani tsohon safiyo da na yi shekaru ina ja masa sarƙar awo cikin rana. Allah ya jiƙansa, bai san kwamfuta ba, amma ciyawa kawai zai duba ya nuna maka kwari. In na karkata sandar awo, rankwashi nake sha.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaran nan masu awo da waya. Su yi zagaye ɗaya bisa babur, su karɓi na shan ruwa, su rubuta lamba. Bara wani dattijo ya zo mini da takardarsu, wai gonarsa hekta 3. Har ya sayi irin shinkafa Faro 44 da takin kamfa da yuriya a kan wannan lissafi. Hekta fa mita 100 ce tsawo, 100 faɗi. Na kafa turaku na auna, ko biyu ba ta cika ba, kusurwar gabas kuma tudu ne da ruwa ba zai hau ba.

Ya daɗe yana juya taswirar a hannu, sannan ya ɗago ya ce, "To ɗana, tunda gonar ta ragu, ai sai ka rage mini kuɗin awon."