Momentom, tirela da masu sauke kankana

Jiya ƙanina da ke shirin JAMB ya same ni da littafin fiziks ɗinsa, wai "Yaya, na haddace p = mv amma wallahi ban san me nake lissafawa ba." Dariya na yi don nima haka na yi ta fama da shi har na shiga jami'a a Samaru, hadda kawai kamar karatun aku.

Na ce masa ajiye littafin tukuna. Ka taɓa tsayawa a Kwangila ka ga tirela ta ɗauko siminti tana tafiya a hankali kamar ba ta so, amma ba mai gigin shan gabanta? To wannan wahalar tsayar da abu in ya riga ya kama tafiya, ita ce momentom. Nauyin abu a kilo (m) ne ake ninkawa da gudunsa (v) a samu momentom (p), shi ya sa gudu kaɗai ba ya faɗa maka komai. A ce tirelar kilo 30,000 ce tana cin mita 1 a daƙiƙa, momentom ɗinta 30,000 kenan, shi kuwa ɗan acaba da mashin ɗinsa a ce kilo 200, ko yana zuba wuta mita 20 a daƙiƙa 4,000 kawai ya tara. Masanin kimiyya Newton ma a 1687 "yawan motsi" ya kira shi, ni dai wannan sunan ya fi shiga kaina.

Inda abin ya fi burge ni shi ne masu sauke kankana a kasuwar Sabon Gari, wani na kan mota yana jefowa wani yana cafewa, kuma in ka lura mai cafewar ba ya sandare hannu, yakan bi kankanar ya ja hannu baya kaɗan. Momentom ɗin da zai kashe ɗaya ne ko ya ja ko bai ja ba, amma da ya ƙara lokacin tsayarwar sai ƙarfin dukan ya ragu, hannu bai ji ciwo ba kankana ba ta fashe ba. Dokar Newton ta biyu kenan fa, ba alli ba allo.

Sannan momentom yana da alkibla. Raguna biyu masu nauyi ɗaya gudu ɗaya in suka yi karo gaba da gaba, jimlar momentom ɗinsu sifili ne tun kafin su haɗu, don na wannan ya soke na wancan. Nan ne ƙanin nawa ya ce to ina ƙarar da ciwon kan suka fito, na ce wannan kuma makamashi ne, kawo shayi tukuna.