Kusurwar farawa: kalkuleta rabin amsa take bayarwa

A darasin fiziks da nake koyarwa, babu inda ɗalibai ke yawan tuntuɓe kamar nemo φ, kusurwar farawa, a motsin kai-komo na sifirin ko lilo. Lissafin kansa gajere ne: x = A cos(ωt + φ), saurin kuma v = −Aω sin(ωt + φ). A nan x shi ne nisan abu daga mazauninsa, A iyakar nisan da yake kaiwa, t lokaci, ω kuma saurin juyawar kusurwa. Idan aka sa t = 0, sai a samu tan φ = −v₀/(ωx₀), inda x₀ da v₀ su ne x da v na lokacin farawa.

Ga wanda na warware a allo. Ƙarfe mai nauyin rabin kilo ne maƙale da sifirin mai taurin k = 50 N/m, wato ω = √(50/0.5) = 10 ke nan. Lokacin da aka danna agogo, ƙarfen yana santimita 3 hagu da mazauninsa, x₀ = −3, yana tahowa dama da saurin santimita 40 a daƙiƙa. Na fara da A = √(x₀² + (v₀/ω)²): 40 raba 10 ya ba da 4, sai √(9 + 16) ya ba da santimita 5. Tan φ ya fito 4/3, kalkuleta ta ce digiri 53.1, ajin kuwa ya amince.

Sai na ce mu mayar da amsar cikin lissafi mu gani. 5 cos 53.1° ya ba da +3, saurin ya fito −40. Ƙarfen ya koma dama, yana tafiya hagu, akasin abin da tambaya ta ce! Ba laifin kalkuleta ba ne. Kusurwa biyu ne a da'ira ke da tan ɗaya, tsakaninsu digiri 180, ita kuwa wadda ke tsakanin −90 da 90 kawai take nunawa.

Shi ya sa na daina dogara da tan shi kaɗai. Ina rubuta cos φ = −3/5 da sin φ = −4/5 gefe da gefe, in dubi alamominsu. Duka biyun suna ƙasa da sifili, don haka φ yana kashi na uku na da'ira: digiri 233.1, ko −126.9, kusan radiyan −2.21. A radiyan ya kamata a bar shi, tunda da ωt za a haɗa.

Wani ɗalibi ya ce littafinsa da sin ya rubuta x, amsarsa ta bambanta da tamu. Na ce masa daidai ne, φ ɗinsa zai ɗara namu da digiri 90, amma motsin ƙarfen ɗaya ne. Abin da nake nema a takardarsa shi ne ya fara rubuta wanda ya zaɓa, cos ko sin, kafin ya taɓa kalkuleta.